Zaman gidan korona a Kaduna: yadda tsofaffinmu suka yi fama

Daga Unguwar Sanusi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya zauna da tsoho ko tsohuwa lokacin dokar kulle ta 2020 ya ba mu labarin yadda aka ƙare. Tun ranar 26 ga Maris aka rufe Kaduna, ba a buɗe ba sai a watan Yuni, bayan kwana 75. An yi ta maganar 'yan kasuwa da 'yan makaranta, amma iyayenmu da kakanninmu, waɗanda likitoci suka ce cutar ta fi yi wa illa, da wuya ka ji an tambaye su. In dattijon na kusa da ku, ku tambaye shi, ku rubuto mana abin da ya faɗa.

Daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Yaya. Mu a gidanmu masallaci ne ya fi komai damun Baba. Mutum ne da tun tasowarmu ba mu taɓa ganin ya yi sallar farilla a ɗaki ba sai da ciwo. Makon farko, da an kira salla sai ya yi alwala, ya sa takalmi, ya je zaure ya tsaya, sannan ya dawo bai ce wa kowa uffan ba. Abinci ma ya rage ci. Mama ce ta gano bakin zaren. Ta sa aka share gefen tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi, ta ce daga yau Malam ne limamin gida. Ƙaninmu ke kiran salla, mu jera sahu har da jikoki. Ranar Juma'a sai ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya shafa turare, ya ja mu azahar raka'a huɗu. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, shi ya ja mu asham har wata ya ƙare. Ban taɓa jin karatunsa kusa da kunnena haka ba sai a wannan shekarar.

Wani dattijo daga Kakuri:
Ɗiyata, Allah ya yi wa mahaifiyarku albarka, ta san mijinta. Ni da hannuna nake rubuto wannan. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne ni, kuma tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe ba mu da wurin zuwa sai majalisa. Bayan la'asar mu haɗu a dakali, a raba goro, a tambayi lafiyar iyali. Ku yara kuna ganin zaman banza ne. A can muke sanin wanda ya kwanta ciwo, da wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba, mu haɗa abin da ya sawwaƙa a kai masa a ɓoye. Da aka hana taro, duk wannan ya yanke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutuwa. A watan Afrilu rediyo ta yi ta kawo labarin rasuwar dattawa a Kano, kullum sai ka ji sunan wanda ka sani. Cikinsu har da aminina, wanda muka fara aiki tare muna samari. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ban sallaci gawarsa ba, ban zauna zaman makoki ba. Ta waya na yi wa babban ɗansa ta'aziyya, maganar ma ta ƙi fita. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Sai da ruwa ya sauka na sa yara suka cika mini tsofaffin buhunan siminti da ƙasa da taki, na shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Na samu abin da zai tashe ni da sassafe, kuma miyar gidan ta huta da cefane.

Daga Tudun Wada:
Allah ya jiƙan amininka Baba, ya sa ya huta.

Daga Rigasa:
Amin. Ni maganar magani zan yi. Hajiyarmu na da hawan jini da ciwon suga, duk wata muke kai ta ganin likita. Da aka rufe gari babu acaɓa, babu keke, ga shi kwana biyu kacal ake buɗewa a mako don sayen abinci. Ita kuma ta ce ko da mota ba za ta taka asibiti ba, kada a ce tana da korona a killace ta. Sai na ɗauki tsofaffin kwalayen maganinta na kai wani kemis, na sayo na wata guda. Muka yi karo-karo da 'yan'uwa muka sayi injin awon jini na hannu, ƙanwata ke auna ta safe da yamma tana rubutawa a littafin makaranta.

Sai dai a faɗi gaskiya, maganar tazara ba ta yiwu a wurinmu ba. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, bayi ɗaya. Iyakar abin da muka iya shi ne buta da sabulu a ƙofar ɗakinta, kuma duk wanda ya dawo daga cefane sai ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya shiga gaishe ta.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Malali:
Ɗan'uwa, kun kyauta da littafin nan, likita na jin daɗin ganinsa. Amma tsoron asibitin da Hajiya ta yi, shi ya cutar da tsofaffi da yawa a lokacin. Na ga waɗanda aka kawo jini ya hau har ɓarin jiki ya shanye, don maganinsu ya ƙare sun yi shiru. Hawan jini ba ya sallama. Wasu kuma aka ajiye su a gida ana ba su citta da tafarnuwa da lemun tsami. Waɗannan ba laifi a sha, amma ba su kashe ƙwayar cutar, ba su kuma maye gurbin maganin likita. Kuma ku lura, tsoho ba lallai ne jikinsa ya yi zafi ba ko da ciwon ya yi tsanani. In ya daina ci, ko ya riƙa rikicewa a magana, ko numfashinsa na sama-sama, a kai shi asibiti a ranar.

Daga Badarawa, saƙon kakata ce nake rubutawa:
Ta ce a gaishe ku. Ta ce ita sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da shi take zubin adashi, da shi take sayen goro da sabulu ba ta roƙi kowa ba. Da aka rufe kasuwanni, masu sari suka daina zuwa, adashi ya tsaya cik. Daga baya aka buɗe kasuwannin wucin gadi a filayen makarantu, ni nake kai mata, amma cinikin bai kai rabin na da ba. Ta ce ranar da ta fara buɗe baki ta tambayi babana kuɗin goro, sai da ta yi hawaye.

Ta ce kada in manta da takunkumi. Kunnenta ya yi nauyi, ashe duk shekarun nan bakin mutum take kallo ta gane abin da yake faɗa. Da muka rufe fuska sai ta daina fahimtar mu, muna magana tana cewa na'am kawai. Sai muka koma tsayawa daga bakin ƙofa, mu sauke takunkumin, mu yi magana a hankali tana kallonmu.

Daga Abuja, ɗan Sabon Tasha:
Sannu Kaka. Ni mamana ita kaɗai ce a gida, ni kuma kulle ya rutsa da ni a Abuja. Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, ba coci, ba zumuntar mata, ba ko ɗaya daga cikinmu. Kuɗi nakan tura wa mai POS na layinmu ya kai mata. Amma waɗanda suka riƙe ta da gaske maƙwabta ne. Wani yaro ke ɗebo mata ruwa, matar gidan da ke kallon namu kuma kowace safiya sai ta ƙwanƙwasa taga ta ji muryarta kafin ta ɗora girki. Ni aikina kira bayan cin abincin dare. Na lura in na tambaye ta lafiya sai ta ce ƙalau ta yi shiru, amma in na nemi shawararta kan yara ko in ce ta koya wa matata miyar karkashi, sai kati ya ƙare ba ta gama ba.

Daga Kawo:
Baban namu da farko bai yarda akwai cutar ba, ya ce ciwon masu hawa jirgi ne. Ko da Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar ranar 28 ga Maris cewa ya kamu, bai sauya ra'ayi ba. Sai da maƙwabcinmu ya kwanta, ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano, Baba ya daina miƙa hannu a gaisa. Abin da ba mu hanga ba shi ne ƙafafunsa. Da can tafiya masallaci sau biyar ce motsa jikinsa. Bayan wata biyu da rabi a kan kujera, sai da sanda ya koma fita, kuma gwiwoyin ba su dawo kamar da ba. Duk mai tsoho a gida, in irin wannan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, a riƙa zagayawa da shi tsakar gida safe da yamma.

Da allurar rigakafi ta iso Najeriya a watan Maris na 2021, mun yi ta lallashi ya ƙi. Wani abokinsa na majalisa, tsohon malamin makaranta, ya je aka yi masa, ya zo ya nuna masa katin. Baba ya bar mako guda yana lura da shi, ya ga lafiyarsa lau, sannan ya ce in fito da mota in kai shi.