Safar matse ƙafa da katin NHIS a Kumasi: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tattara daga maganganunku kan safar da ake sa wa ƙafa don rage kumburi, da ko katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, yana biyan kuɗinta:

1. Kowa ya yarda: likita tukuna, safa daga baya. Mai toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, musamman mai ciwon suga, matsi na iya cutar da shi, shi ya sa ake fara duba gudun jini. Masu tundurmi da masu kumburin hannu bayan tiyatar nono sun ce a asibitin koyarwa na Komfo Anokye aka duba su.

2. A tabbatar likita ya rubuta ƙarfin matsin: 15-20, 20-30 ko 30-40 mmHg (ma'aunin matsi), da tsawon, zuwa gwiwa ko cinya. Awo da sassafe, kafin ƙafa ta kumbura.

3. NHIS: katin na biyan ganin likita, amma safa tana cikin kayan taimako irin su tabarau da na'urar ji, waɗanda tsarin bai ɗauka ba. Daga aljihu ake saya. Masu inshorar wurin aiki suka ce a nemi amincewar kamfanin kafin a saya, a ajiye rasit da takardar likita.

4. An rabu kan safar kasuwa. Iyayenmu mata masu tsayuwa yini a kasuwar Kejetia sun ce mai arha ta wadatar. Wasu sun ce babu lambar matsi a jikinta, tana saki da wuri. Ni ina tare da na biyun.

5. Alwala: wasu na cirewa, wasu na shafa a kai saboda larura. An bar wa malamai.

Ana canja safa bayan wata 3 zuwa 6, a wanke da hannu, a shanya a inuwa.