Muhawara: Shin iskar CO2 na sa dutse ya saki mai ya rungumi ruwa?

Injiniya Kabiru: Jama'a, ni dai ina nan kan bakata. Sirrin tura CO2 cikin tsohuwar rijiyar mai shi ne tana juya halin dutse. Da zarar ta narke cikin ruwan gishirin da ke ƙasa sai ruwan ya yi tsami, ya ɗan ci fuskar dutsen farar ƙasa, man da ya manne ya saku. Dutsen da ke son mai sai ya koma son ruwa.

Hadiza: Injiniya, ba na musun tsamin, amma ka ɗora masa nauyin da ba nasa ba. A filin SACROC da ke Texas, inda aka fara wannan aiki gadan-gadan a 1972, abin da ake nema shi ne iskar ta gauraye da ɗanyen man. In ta haura zafin digiri 31 a ma'aunin Celsius da matsin bar 74 (bar ma'aunin matsi ne), ba ruwa ba ce ba iska ba ce. In matsin ya kai, sai man ya kumbura, kaurinsa ya ragu, ya fice ta 'yan ƙofofin dutse.

Injiniya Kabiru: To ɗigon da ake aunawa a ɗakin gwaji fa?

Hadiza: Ɗigon ma ba baki ɗaya yake magana ba.

Malam Bashir: Ku ba ni dama. Ana ɗora ɗigon ruwa kan gogaggen dutse a auna kusurwarsa: ƙasa da digiri 90 ruwa ya baje, wato dutsen na son ruwa; sama da haka ya dunƙule, wato ba ya son ruwa. Amma Kabiru, ka manta da asfaltin, wancan ɓangaren mai nauyi mai kama da kwalta. CO2 kan sa ya rabu da man ya kwanta a jikin dutse. Nan fa dutsen ƙara son mai yake, har ƙofofin su toshe. Wannan shi ya fi damuna, domin rijiya sukutum ake magana.

Injiniya Kabiru: Ba kowane mai ke da wannan matsala ba, Malam. Filin mai na Weyburn a Kanada dutsen farar ƙasa ne, a 2000 aka fara tura masa CO2 ta bututu daga Dakota ta Arewa a Amurka, mai kuwa ya ƙaru.

Hadiza: Ya ƙaru, gaskiya ne. Amma ƙaruwar ba ta faɗa maka ko gauraye ne ya yi aikin ko juyin halin dutse. Kafin a kashe kuɗi, a ciro ainihin dutsen wurin, a gwada shi da mansa da ruwansa, a zafi da matsin da ke can ƙasa.

Injiniya Kabiru: Wannan na yarda. Amma a dutsen farar ƙasa ban janye ba.