Ta yaya ake danne ƙuri'un jama'a duk da akwai BVAS?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. An ce tunda na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe da yatsa ko fuska ta zo, aringizon ƙuri'u ya ƙare. To amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Masana, ta ina ake cutar mai zaɓe yanzu, kuma me wakilin jam'iyya zai yi a rumfa?

Malam Lauya: Wa alaikumus salam. Salon ne ya canza, Malam. A da ƙara wa ɗan takara ƙuri'u ake yi, yanzu rage na abokin hamayya ake yi, kuma da dokar ake amfani.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un da ke cikin akwati suka fi adadin waɗanda na'ura ta tantance, a soke sakamakon rumfar. Da can da yawan masu rajista ake aunawa. Gyara ne mai kyau, amma ga inda ɓarnar take: a rumfar da aka tantance mutum 300, wani ya cusa ƙuri'u 5 na bogi, an samu 305, sai duk rumfar ta tashi. Wanda ya san ba zai ci a unguwar ba, riba ya samu. Haka ma idan 'yan daba suka fasa akwati.

Daga nan sai lissafin tazara. Idan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai a ce zaɓe bai kammala ba. Kowa ya tuna zaɓen gwamnan Kano a 2019, da aka ce bai kammala ba, aka yi na cike giɓi a mazaɓar Gama da wasu wurare. Zaɓen cike giɓi ya fi haɗari, domin duk kuɗi da 'yan jagaliyar jiha a 'yan rumfuna kaɗan suke taruwa.

Maman Hanifa: Yallaɓai ka bar wadda ta fi cin mata da tsofaffi: lattin kayan zaɓe. Ƙa'ida a buɗe rumfa 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana. Duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe, ko dare zai yi. Da yawa ba su san haka ba, sai wani ya ce "lokaci ya ƙare", mace mai goyo ta juya gida. Sannan a 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, aka sauya wa wasu wuri. Kowa ya duba rumfarsa a shafin hukumar tun kafin ranar, don ranar ba zirga-zirgar ababen hawa.

Baba Audu: Bari in yi maganar wakili, don nan ake faɗuwa.

Kafin a fara, ya ga an nuna akwati babu komai a ciki, na'urar kuma tana kan sifili. Ya lura malamin zaɓe yana buga hatimi, ya sa hannu da kwanan wata a bayan kowace takardar ƙuri'a. Ba ƙaramin abu ba ne: a shari'ar gwamnan Kano ta 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'u 165,663 kan wannan, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da su.

Idan yatsa ya ƙi, a gwada fuska. Idan na'urar ce ta mutu, a jira wata. Kar wakili ya yarda a ci gaba da dangwale ba tantancewa, don shi ke jawo a soke rumfar.

An gama, kafin a zazzage akwati ya duba adadin da ke kan na'ura ya rubuta. A ƙirga da babbar murya. Takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, ita ce komai: alƙaluma da lambobi da kuma kalmomi, babu goge-goge, kuma kar ya sa hannu a kan wadda ba a cike ba, ko an ce magariba ta yi. Ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoton sakamakon da aka liƙa a bango, ya tsaya har a ɗauki hoton takardar da na'ura. Sai ya bi ta zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, inda ake kwafe ta cikin EC8B, takardar sakamakon mazaɓa. A nan 17 ke komawa 171.

Malam Lauya: Gaskiya ne, Baba. Kuma kar a dogara da IReV kaɗai, wato shafin intanet da INEC ke ɗora hotunan sakamakon rumfuna. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta ce ba wurin tattara sakamako ba ne, don haka takardar hannu mai hatimi ita ce hujja. Kwana 21 kacal ake da su na shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, shi ya sa jam'iyya ta tattara kwafin wakilanta a daren nan, rumfa-rumfa, kafin wani ya saye wakilan.