Kubik kilomita ɗaya lita nawa ne? Yadda aka kwashe a zaurenmu

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Jama'a yau raina a ɓace yake. An ba yarona aikin gida, wai kubik kilomita ɗaya lita nawa ne. Bayan isha'i na zaunar da shi na ce abu mai sauƙi: kilomita mita dubu ce, kubik mita lita dubu, dubu sau dubu miliyan ɗaya. Ya rubuta. Malamin ya zabga masa jan biro, kuma a gaban 'yan aji ya ce wanda ya koya masa ya koma firamare. Ni! Shekara 19 ina harkar ruwa a Tudun Wada, garwa nawa ta bi ta hannuna?

Injiniyan Samaru: Wa alaikumus salam. Yaya, malamin bai kyauta ba, amma lissafinsa daidai ne. Kubik kamar akwati ne mai tsawo da faɗi da zurfi. Kilomita ta kowane ɓangare, sai ka buga dubu sau dubu sau dubu: kubik mita biliyan ɗaya ke nan. Kowanne kuma lita dubu, ka ga lita tiriliyan ɗaya. Kai gefe ɗaya kawai ka auna. Miliyan ɗayan da ka rubuta tanka ɗari ce kacal mai cin lita 10,000.

Baban Khalifa: Tiriliyan? Kasafin kuɗin tarayya muke yi?

Injiniyan Samaru: Duba dam ɗin Galma da ke Kuzuntu a Kubau. Yana ɗaukar kubik mita wajen miliyan 186, wato lita biliyan 186, amma duk girmansa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kubik kilomita ba. Matatar ruwan da aka gina wa Zariya ta lita miliyan 150 ce a rana, kubik mita 150,000 ke nan. Ko ba a yi ɗigon ruwan sama ba, a takarda sai ta kwana 1,240 tana ja kafin dam ɗin ya ƙafe.

Ɗan Kwarbai: Ni ba wannan ya dame ni ba. Baban Khalifa ya ce garwa. Wace garwa? Yaushe rabon da ka ga garwa a garin nan? Jarka ake turawa a kura.

Baban Khalifa: Ƙanina, garwa da jarka ai duk ɗaya ne.

Ɗan Kwarbai: Inaa! Garwa gwangwanin kananzir ce, galan huɗu, lita 18 da ɗan wani abu. A fasa bakin, a kafa katako, a rataya biyu a sanda a saɓa a kafaɗa. Jarka ruwan ɗorawa kuwa ta mangyaɗa ce, lita 25. Guda 40 ke cika kubik mita.

Maman Ummi: Lita 25 a bakinka. Wadda mai ruwanmu ke kawowa a Gyallesu duk ta lotse, ga leda a maimakon murfi, kafin ya iso rabi ya tsiyaye a hanya. Ni dai da bokitin fenti nake aunawa.

Malam na Kongo: Galan huɗu na wa? Galan ɗin Ingila lita 4.5 ne, na Amurka 3.8.

Ɗan Kwarbai: Malam, Amurka ce ta mulke mu?

Bakanon Kwangila: Ku Zazzagawa da ke cewa "mota na ya lalace" ku ne za ku yi mana gardamar kalma? Garwa ake cewa, a wuce wurin.

Ɗan Kwarbai: Ga baƙo ya zo koya wa 'yan birni Hausa. Karatun ma ai nan ka zo nema.

Bakanon Kwangila: Na zo, na kuma tarar kuna sayen ruwa a kura.

Maman Ummi: Kamar a Kano famfo ne ke tashinku da asuba.

Injiniyan Samaru: Jama'a, yaron fa gobe zai mai da gyara. Yaya, ka ce masa ya rubuta 1 da sifili 12.

Baban Khalifa: Ba sifili ne damuwata ba. Ɗan Kwarbai, a bikinka wa ya kai muku tanka kyauta? Yau ni za ka koya wa sunan garwa?

Ɗan Kwarbai: Kyauta? Kuɗin mai fa da na biya? Kuma tankin bai cika ba, Hajiya shaida ce.

Maman Ummi: Ni kada a sa ni. Ina wajen girki ranar.

Malam na Kongo: Har yanzu ba a amsa min maganar galan ba.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Na karanta duka. Abin da aka tsayar: malamin ya yi rashin ladabi ga babban mutum, kuma kowa ya yarda garwa ita ce sunan asali, kamar yadda aminina Baban Khalifa ya faɗa tun farko. Maganar tiriliyan ra'ayin Injiniya ne, muna girmama shi. Ɗan Kwarbai ya nemi afuwar yayansa kafin magariba. Na rufe zauren sai an idar da salla.

Ɗan Kwarbai ya fita daga zauren.