Masu son sayen gidana suna tambayar dalilin sayarwa, me zan ce musu?

Mai Neman Mafita:

Assalamu alaikum jama'a. Na sa gidana a kasuwa, kuma duk wanda dillali ya kawo, kafin ya gama leƙa ɗakuna sai ya juyo ya ce, "Malam, me ya sa za ka rabu da shi?" Gaskiyar magana bashi ne. Na ci bashi na zuba a kasuwanci, kasuwar ba ta yi ba, mai kuɗi kuma ya yanka mini wa'adi.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba su ne suka kore ni ba, amma suna nan. Bangon ɗakin baya yana jan danshi idan ruwan sama ya yi yawa, har fenti ya kumbura. Sannan ni da maƙwabcina muna ja-in-ja kan magudanar ruwa, yana cewa ta ci iyakarsa.

Dillali ya ce in ce canjin wurin aiki aka yi mini, in sa a shafe bangon da sabon fenti, in ja bakina. Hankalina bai kwanta da wannan ba. In kuma na ambaci bashi, na san tayin wulaƙanci za a yi mini. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon Dillali:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka. Na daɗe a wannan sana'a, bari in gaya maka abin da mai saye ke nema idan ya jefo wannan tambayar. Ba labarin rayuwarka ya dame shi ba. Yana so ya san ko a matse kake don ya karya farashi, yana kuma so ya san ko gidan ne ya kore ka. Ta farko ba dole ka amsa ba. Ta biyu kuwa haƙƙinsa ce.

Bashinka sirrinka ne, ba ya bin gida zuwa hannun sabon mai shi, matuƙar ba ka ba da takardun gidan jingina ba. Idan ka bayar, to maganar ta canza, sai ka faɗa, domin wannan ya shafi mallakarsa kai tsaye. Idan ba ka bayar ba, ka ce, "Wata buƙata ce ta taso, kuɗin nake so in juya." Babu ƙarya a ciki. Ka faɗa sau ɗaya ka yi shiru, kada ka shiga kame-kame, don yawan bayani shi ke nuna mutum a matse yake. Kuma kada ranar wa'adin nan ta fito daga bakinka ko kusa. Wanda ya san ranar, zama zai yi ya jira ta.

Ka zaunar da uwargida da dillali ku tsaya a kan amsa ɗaya. Na ga ciniki ya watse saboda maigida ya ce gidan ya yi musu kaɗan, matarsa a ciki ta ce wa matar mai saye ya yi musu yawa. Zancen canjin wurin aiki kuwa ka watsar. Ramin ƙarya ƙurarre ne: gobe mutumin ya gan ka a bakin aikinka, sai ya fara shakkar takardun ma.

Maman Yara:

Ni a ɓangaren masu saye zan yi magana. Malam, kada ka shafe bangon nan ka yi shiru. Haka aka yi mana. Mun tare, ruwan farko da aka yi fentin ya soma ɓarewa, katifar yara ta yi fumfuna, muka kashe kuɗin da ba mu shirya ba. Da an nuna mana tun farko, da mun saya ɗin, sai dai mu nemi ragi. Ka kira magini ya duba inda ruwan ke shiga ya yi maka lissafin gyara, ka nuna wa mai saye: ga matsala, ga abin da za ta ci. Ko ka gyara, ko ka rage masa daidai wannan.

Rikicin magudanar ma ka san mai saye mai wayo sai ya zagaya ya tambayi maƙwabta. Wa kake jin zai fara ba shi labari?

Ɗalibin Shari'a:

Na yarda da Baba Dillali, sai dai in ƙara wannan. Hadisin "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu" a kan ɗan kasuwan da ya ɓoye jiƙaƙƙen kaya a ƙarƙashin busasshe ya zo, kuma fenti a kan danshi bai yi nisa da haka ba. A fiƙihu, wanda ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayar da kaya. Dokokin ƙasashe ma sun bi ta nan: a Ingila takardar da mai sayarwa ke cikewa tana tambayar ko an taɓa rikici da maƙwabta, a Amurka kuma gidan da aka gina kafin 1978 dole a sanar da mai saye abin da aka sani game da fenti mai gubar dalma. Abin da za ku faɗa game da bangon da iyakar, ku sa shi a rubuce cikin yarjejeniya, gaban shaidu.

Mai Neman Mafita:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Takardun suna hannuna, ban jinginar ba. Na yi magana da magini zai zo ya duba bangon. Dillalin dai ransa bai so ba, wai zan kashe masa kasuwa. Baba Dillali, saura tambaya ɗaya: maganar magudanar, in fara neman sulhu da maƙwabcin kafin a kawo wani, ko in bar wa mai saye su daidaita?

Tsohon Dillali:

Ka kashe ta da kanka. Ku kira mai awon filaye ya fito da iyakar bisa takardu, ku sa hannu ku biyu. Babu mai biyan cikakken kuɗi a kan gidan da zai gaji rigima a cikinsa.