Ta ina za mu fara tsaron kayan tarihin da muke tarawa a zango?

Malamin Islamiyya, Aboabo:
Assalamu alaikum. Tun da na kai ɗalibaina gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar Sarkin Asante da ke Kumasi a Ghana, suka ga kayan zinariya da azurfa 32 da aka dawo da su aro daga Ingila a shekarar 2024, dattawan unguwarmu suka ƙudura cewa mu ma mu ware ɗaki guda don adana abin da kakanninmu suka bari: littattafan ajami da aka rubuta da hannu, da takubba, da alkyabbu, da tsofaffin hotuna. Iyalai da dama sun yarda su ba da nasu, amma kowa yana tambayar wanda zai ɗauki alhaki idan abu ya ɓace. Kuɗinmu kaɗan ne, kuma matasa sun dage a kan a fara sayen kyamarorin tsaro. Ina neman shawarar masu sani.

Tsohon Mai Gadi, Asawase:
Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina aikin gadi, kuma abin da zan faɗa shi ne kyamara ba ta kama ɓarawo, sai dai ta nuna maka shi bayan ya tafi, idan ma ba a ɗauke wuta a daren ba. Ku fara da ƙofa mai ƙarfi, da ƙarafa a tagogi, ku kuma duba rufi, domin ta sama ake yawan shiga. A sa kwado biyu, mabuɗi ɗaya a hannun wakilin sarkin zango, ɗaya a hannun mai kula da ɗakin, yadda babu wanda zai buɗe shi kaɗai. Mai gadi kuwa a biya shi a kan lokaci.

Hajiya Mai Rajista, Kumasi:
Baba ya yi gaskiya, amma ina ganin akwai abin da ya riga kwado, wato rajista. Da ɗan gari a kan ci gari. A shekarar 2023 babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko sun lalace, aka kori wani ma'aikaci, shugaban gidan Hartwig Fischer ya yi murabus, kuma abin da ya sa aka daɗe ba a gane ba shi ne yawancin kayan ba a rubuta bayaninsu cikakke ba. Wannan fa gidan da ake kafa mana hujja da shi cewa kayan Afirka sun fi tsira a can.

Saboda haka, Malam, kada ku karɓi ko allo ɗaya sai an ba shi lamba, an ɗauki hotonsa gaba da baya, an auna tsawonsa, an rubuta tabo ko karayar da ke jikinsa da sunan gidan da ya fito, mai kayan da shaidu biyu sun sa hannu. Littattafan hannu sun fi kowane abu haɗari, domin warƙoƙinsu a sake suke ba a ɗinke ba, mutum zai iya zare uku ya sa a aljihu ba wanda ya lura. A ƙirga su, a ɗauki hoton kowane shafi. Kofin rajistar guda ya zauna a wani gida dabam. Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Ghana da ke Legon ta daɗe tana adana rubuce-rubucen Larabci da ajami, har da na shahararren malamin nan Alhaji Umaru na Kete Krachi, ya kamata ku nemi shawararsu.

Injiniyan Lantarki, Nima:
Da izinin Hajiya da Baba, ni wuta nake tsoro fiye da ɓarawo, domin abin da aka sace ana iya samo shi. Gobarar da ta cinye gidan tarihi na ƙasar Brazil a watan Satumban 2018 ta faro ne daga matsalar lantarki, ta hallaka mafi yawan kaya kusan miliyan 20. A sake wayoyin ɗakin gaba ɗaya, a sa na'urar jin hayaƙi, a ajiye tukunyar kashe gobara wadda ba ta ruwa ba, a koya wa mutane amfani da ita. Ƙarafan tagar da Baba ya ambata kuma suna iya zama tarko, don haka muddin akwai baƙi a ciki, musamman yara, ƙofar fita ta biyu ta kasance ba kwado, kuma a riƙa shigar da su rukuni-rukuni.

Malamin Islamiyya, Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri. Zan gabatar da batun rajista da wayoyi a zaman kwamiti bayan sallar Juma'a. Matsalar da ta rage ita ce ɗakin da aka ba mu ƙofa ɗaya gare shi, kuma mai gidan bai yarda a fasa bango ba tukuna.