Tambaya: wace irin damfara ake yi wa baƙi a wuraren yawon buɗe ido?

Ummu_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka saba tafiya. Ni da ƙanwata za mu fita waje karon farko in sha Allah, za mu yi kwana 4 a Istanbul daga nan mu wuce Paris sai Roma. To tunda na fara gaya wa mutane kowa sai ya ce ki yi hankali da 'yan sane, ki yi hankali da 'yan damfara, amma ba wanda ya ce min ga yadda suke yi, kuma gsky abin ya fara hana ni barci don mu biyu ne kawai kuma mata. Wanda ya san dabarunsu ya taimaka ya fayyace min, Allah ya saka da alheri.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ku lafiya. Abu na farko da zan gaya miki, kusan dukkansu da kunyarki suke aiki. So suke ki tsaya, ki ji nauyin cewa a'a, shi ke nan sun samu ƙofa.

Ni a Istanbul aka fara yi min, kusa da gadar Galata. Wani mai shushaina yana tafe a gabana sai buroshinsa ya faɗi, na ɗauka na bi shi na miƙa masa, ya kama godiya har da dafa ƙirji, ya ce dole ya goge min takalmi saboda kirkin da na yi masa, ni kuma na ji nauyi na miƙa ƙafa. Yana gamawa sai fuska ta canza, ya yanko kuɗi mai yawa, kafin in ce me wasu biyu sun matso. Na biya na tafi raina a ɓace. Da gangan suke yar da buroshin, in kin ga ya faɗi ki wuce abinki. Sai tasi: ki tabbatar ya kunna mita kafin mota ta tashi, kuma in za ki biya ki faɗi adadin takardar da baki kina miƙawa, don wasu cikin ƙiftawar ido suke musanya babbar takarda da ƙarama su ce ai wannan kika ba ni.

Paris kuwa a matakalar cocin Sacré-Cœur da ke Montmartre akwai masu zare, za su ce ki kawo hannu, kafin ki ankara sun ɗaura miki zare a wuyan hannu sun ƙulle sai a ce biya. Hannunki ya zauna cikin aljihu ko a jikin jaka. Wajen hasumiyar Eiffel kuma 'yan mata ne da takarda a kan allo, suna nuna kamar kurame ne, wai ki sa hannu don taimakon naƙasassu, kina rubutu allon ya rufe jakarki ɗaya tana zuge zif ta ƙasa. Wannan ya fi ba ni haushi wlh, don da sunan mabuƙata na gaskiya suke cin amana. Akwai kuma mai tsintar zoben zinare a gabanki ya ce naki ne? in kin ce a'a ya ce to riƙe ki ba ni wani abu, tagulla ce zalla.

Roma ki kula da bas mai lamba 64, wadda ke tashi daga tashar Termini zuwa wajen Vatican, ta yi suna wajen 'yan sane sbd kullum cike take da baƙi. Lokacin shiga da fita ne ake turereniya, nan suke aiki.

Hajiya_Mai_Jaka:
Baban Sadiq ya faɗi da yawa, bari in ƙara na mata. Ƙanwata ki nemi jakar da ake ratayawa ta ƙetare ƙirji mai zif, ta zauna a gaba, mayafi a kanta. Kar ki taɓa rataye jaka a bayan kujera in kun zauna cin abinci, kuma waya kar ta zauna a kan tebur, wani zai zo da taswira ko takarda ya shimfiɗa kan wayar yana tambayar hanya, in ya ɗauke takardarsa da wayar ya tafi.

Wanda ya taɓa faruwa da ni shi ne na ɓata kaya. Ina tafiya na ji wani abu ya zubo min a kafaɗa kamar kashin tsuntsu, nan take wata mata mai shiga ta mutunci ta zo da tishu tana ayya ayya tana goge min, tana cewa in sauke jakar ta goge bayan. Allah ya taimake ni na taɓa jin labarin, na riƙe jakata gam na ce na gode na shige wani shago. Su suka watsa, su suka zo taimako. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi don fasfo ɗina na ciki.

Sai 'yan sandan bogi, sanye da kayan gida, su nuna wani kati da sauri su ce ana binciken jabun kuɗi ko ƙwaya ku fito da walat. Kar ku miƙa. Ku ce mu je ofishin 'yan sanda a duba a can, ko ki ciro waya ki ce za ki kira 112, lambar gaggawa ce a duk ƙasashen Tarayyar Turai kuma tana aiki a Turkiyya ma, kyauta ce. Na bogi ba ya tsayawa.

Abba_Kwamfuta:
Ni dai ina ganin kar mu tsorata ta da yawa, miliyoyin mutane na zuwa wuraren nan su koma ko allura ba a ɗauke musu ba, kuma akasarin wanda za ki tambaya hanya mutumin kirki ne. Bambancin shi ne wanda KE kika tara da wanda shi ya taro ki. Maganar kuɗi kawai zan ƙara. Ki ciri kuɗi a ATM na cikin banki, ki ɗan jijjiga bakin da ake sa kati in yana motsi ki bar shi, ki rufe da hannu in kina sa lambar sirri. In na'ura ta tambaye ki a caje ki da kuɗin ƙasarku ko na ƙasar da kike, zaɓi na ƙasar da kike, ɗayan farashin canjinsa tsada ne. Kuma duk wanda ya tare ki a titi da canji mai araha ki rabu da shi, a Prague, babban birnin ƙasar Czech, har tsofaffin takardun kuɗin ƙasar Belarus da aka daina karɓa suke cusa wa baƙi a matsayin kuɗin ƙasar.

Ummu_Khairat:
Kai na gode ƙwarai, wlh hankalina ya fara kwanciya, na kwafe duka na tura wa ƙanwata. Saura ɗaya, Allah ya kiyaye in aka sace fasfo ɗin fa, ina mutum zai nufa?

Hajiya_Mai_Jaka:
Ofishin 'yan sanda mafi kusa tukuna, ki sa su rubuta rahoto su ba ki kwafi, kar ki fita sai da takardar nan a hannu. Da ita za ki je ofishin jakadancin ƙasarku su yi miki takardar tafiya ta gaggawa da za ki koma gida da ita. Shi ya sa tun kafin ku tashi ku ɗauki hoton shafin fasfo da na biza ku tura wa kanku ta imel, ku buga a takarda ma, ku haɗa da ƙananan hotuna 2 kowa. Kuma ku raba kaya, katinki ɗaya da ɗan kuɗi a wajen ƙanwarki, nata a wajenki. Ki rubuta lambar bankinki ta toshe kati a takarda daban, don in wayar ce ta tafi ba inda za ki duba.